Shago Mai Lamba Ɗaya

Masu bibiyar wannan shafi, ku yi mini uzuri tun daga farko. Na daɗe ina riƙe da labarin nan, amma tsufa ya gutsure gefensa. Shekarar ta ɓace mini, sunan titin ma ya ɓace. Ko da damina ne ko da rani, ba zan rantse ba. Abin da ya rage dai ga shi, yadda na ji shi a zamanin da nake zaune a Ibadan ina koyarwa.

A garin akwai wani saurayi, Folarin, mai rubuta manhajar intanet. Gwani ne, wannan ba a ja. Matsalarsa ita ce ya san shi gwani ne. Idan ka yi masa gyara, sai ya dube ka kamar ka taka masa sabon takalmi.

Kawunsa, Baba Ajagbe, mai gyaran waya ne a wata babbar kasuwar wayoyi. Shi ya riƙe Folarin bayan rasuwar mahaifinsa. Shi ne kuma ya harhaɗa masa kwamfutarsa ta farko daga gawarwakin tsofaffin kwamfutocin da mutane suka yar. Mutum ne mai sanyin hannu. Zai zare ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba yana ba ka labari, bai ko kalle ta ba.

Kasuwar nan ta yi ƙaurin suna da sayen wayoyin sata. Abin ya ishi Babaloja, wato shugaban kasuwar, sai ya kira Folarin da abokiyar aikinsa Morenike, ya ce su yi wa kasuwa shafi.

Suka yi. Kowane shago ya yi rajista, aka ba shi lamba, aka rubuta ta da fenti a ƙofarsa. Duk wanda ya ga wayarsa da aka sace a wani shago, sai ya buɗe shafin ya cika fom: sunansa, lambar wayarsa, irin wayar da aka sace, da lambar shagon. Shagon da ƙorafi ya yi wa yawa, sai lambarsa ta koma ja a saman shafin, kowa yana gani.

Abu ya tafi daidai, har ranar da Folarin ya sake fasalin shafin don ya ƙara kyau a fuskar waya. Daga nan ƙorafi ya daina shiga. Mutum zai cika komai, ya danna, sai a dawo masa da jan rubutu cewa bai sa lambar shago ba.

Babaloja ya kira Folarin a waya.

"Ɗana, wannan abin naku ya fara yi wa mutane rashin kunya. Mutum ya cika, ya ce masa bai cika ba. Ko aljani kuka zaunar a ciki?"

"Baba, ƙaramin abu ne. Kafin ka gama cin abinci ya gyaru."

Yana ajiye waya, Morenike ta juyo da kujerarta. Ƙanwarsa ce a shekaru, saboda haka ba ta kiran sunansa gatsau, sai ta haɗa da Boda, wato yaya.

"Boda Fola, mutanen nan suna cewa sun rubuta lambar. Idan sun rubuta kuma ba ta iso ba, to a hanya take faɗuwa. Mu nemo inda take faɗuwa."

"Waɗanne mutane? Waɗanda ba su san bambancin sifili da ƙwan kaza ba? Ba sa rubutawa ne, Nike, sai su ce inji ne."

"Duk su?"

"Duk su."

Ya jawo kwamfuta ya rubuta layi guda. Abin da layin ke cewa shi ne: idan gurbin lambar shago ya zo wayam, a sa ɗaya. Ya gwada, jan rubutu ya ɓace, fom ya wuce sumul.

Morenike ta leƙo ta kafaɗarsa. "Wa ke da lamba ɗaya?"

"Ba kowa. Shagon gwaji ne, ni na ƙirƙire shi da hannuna."

"Ka duba?"

"Ke kika rubuta manhajar ko ni? Je ki, amalarki na hucewa."

Ta koma wurinta.

Abin da Folarin ya manta shi ne, ranar da za a buɗe shafin shi da kansa ya goge duk shagunan gwaji, lissafi ya koma farko. Kuma da aka fara rajista, wanda ya riga kowa zuwa layi, sanye da babbar rigarsa ta zuwa biki, Baba Ajagbe ne. Ya ce aikin ɗansa ne, ba wanda zai riga shi shiga.

Daga ranar, duk ƙorafin da aka tura daga waya a kan Baba yake sauka. Kuma wa ke kai ƙorafi da kwamfuta? Kowa da waya yake yi.

Folarin bai sake buɗe shafin ba, ya samu wani aikin da ya fi maiƙo. Baba kuwa, duk da gyaran waya ne sana'arsa, tasa 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta shiga intanet. Ya dai lura gaisuwar maƙwabta ta rage tsawo. Mai abincin da ke kawo masa ta fara ajiye kwano ta juya ba hira. Wata rana ya kira ɗansa.

"Fola, an ce abin nan naka ya shafa mini jan fenti."

Folarin yana cikin taro, rabin kunne ya ba shi. "Masu hassada ne, Baba. Kai ba ka gane waɗannan abubuwan ba. Zan duba."

Bai duba ba.

A nan ne ƙwaƙwalwata ta ɗan yi rami, don ban tuna tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. Na dai tuna abin da ya kawo ƙarshensa.

Akwai wani ɗan acaɓa, Mutiu, da wasu suka tare a kan hanya saboda wayarsa. Ya riƙe ta, suka soka masa wuƙa a wuya. Ya mutu a bakin kwata, babur ɗinsa yana kwance yana ta kuka. Da safe 'yan uwansa masu acaɓa suka kai shi makwanci. A bakin maƙabarta wani ya ciro waya ya nuna wa yayan mamacin, Raufu, shafin kasuwa.

"Ga inda suke kai wa. Dubi yadda ya yi ja. Duk kasuwar ba mai ko rabin nasa."

Ba su koma gida ba. Daga maƙabarta suka zarce kasuwa, ƙasar kabari na ƙafafunsu.

Folarin yana ofis aka kira shi. Muryar mai abincin ce, da kyar take fita. "Ka zo. Za su kashe Baba."

Ya fito titi, babu ko acaɓa ɗaya, duk suna can. Ya faɗa wata tasi, cunkoso ya tsayar da ita, ya sauka ya kama gudu. Yana gudu Morenike ta kira shi.

"Boda Fola, na duba. Lamba ɗaya Baba ne."

Ya ci gaba da gudu.

"Kuma na gano inda lambar ke faɗuwa. Gurbin ba shi da suna. Ka goge shi ranar da ka sake fasali."

Ku da ba aikinku ba ne, ga abin da take nufi. Kowane gurbi a irin wannan fom yana da wani suna na ɓoye wanda mai cikawa ba ya gani. Da wannan sunan ne abin da ka rubuta ke tafiya zuwa babbar na'urar da ke ajiye bayanai. Gurbin da ba shi da suna, ko me ka rubuta a cikinsa, a wayarka yake tsayawa. Mutane sun yi ta rubutawa. Ba ta taɓa barin hannunsu ba.

"Gyara," ya ce yana haki. "Gyara yanzu."

Tun daga bakin kasuwa ya ji ƙarar fashewar gilashi. Masu shaguna suna ta jan ƙofofinsu na ƙarfe. Ya kutsa, ana bangaje shi yana bangajewa, har ya isa.

An fasa akwatin gilashin Baba. Wayoyin mutane da aka kawo gyara sun watse a ƙasa, ana tattake su, wani yana ɗagawa yana ihu wai ga kayan satar. Baba yana durƙushe a tsakiya, rigarsa a yage, jini yana bin gemunsa daga goshi. Wani ya make shi da katako a gadon baya ya kife. Ya ɗago yana cewa, "'Ya'yana, ku tambayi kowa a nan," aka rufe masa baki da dundu.

Wasu biyu suka ja shi zuwa bakin shagon, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakali. "Da wannan yake karɓa," in ji ɗaya. Suka fizgo ƙofar ƙarfen daga sama ta sauka a kai. Suka ɗaga, suka sake.

Folarin bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ranar.

Aka gangaro da tsohuwar taya. Wani ya tsugunna yana zuƙo fetur daga tankin babur zuwa cikin gora.

Folarin ya faɗa tsakiya ya rufe Baba da jikinsa. Sanda ta sauka a kafaɗarsa, wata a ƙeya.

"Ku tsaya. Kuskure ne. Ba shi ba ne, manhajar ce."

"Wannan kuma wane ne?"

"Yaronsa ne. Shi ke kawo masa."

"A haɗa su, tayar za ta ishe su."

Ya fara bayani, yana ambaton gurbi da suna da na'ura, kalmomin da yake burge mutane da su a taro. A nan ba su da wani amfani. Wani ya naushe shi a baki, ya ji haƙoransa sun motsa. Aka zura wa Baba tayar a wuya. Warin fetur ya cika wurin.

Sai ya ga Raufu. Bai san shi ba, amma ya ga shi kaɗai ne ba ya ihu, kuma shi ake kallo kafin a yi komai. Ashana na hannunsa.

Folarin ya rarrafa ya kama ƙafarsa.

"Yayana, kana da waya? Ba sai ka yarda da ni ba. Ka kai ƙorafi da hannunka yanzu, ka sa lambar kowane shago kake so. Ka ga inda zai sauka."

Yana faɗa, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya tuna abin da ya ce wa Morenike. Idan ta gyara, ƙorafin zai tafi daidai, kuma babu sauran abin da zai nuna. Ya laluba aljihu, fuskar wayarsa ta tsage amma tana aiki.

"Nike, kin tura gyaran?"

"Yanzu zan danna."

"Kar ki taɓa. Don Allah cire hannunki. Bar shi a lalace."

"Boda Fola, me..."

"Bar shi."

Raufu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa ashanar a baki kamar tsinken sakace, ya ciro waya. Wani yaronsa ya buɗe masa shafin, ya karanta adadin da ke gaban lamba ɗaya da ƙarfi kowa ya ji. Raufu ya waiga, ya ga wani shago a can ƙarshen layi, ya rubuta lambarsa a hankali da babban yatsa. Ya danna.

Adadin Baba ya ƙaru da ɗaya. Wancan shagon bai motsa ba.

"Ƙarya ne," wani ya ce. "Kawo in gani." Ya yi a tasa wayar, ya sa lambar da babu ita ma a kasuwar. Ta sauka a kan Baba. Na uku ya gwada. Haka.

Ihun ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Mai gorar fetur ya ajiye ta a ƙasa ya matsa daga gare ta.

Raufu ya tsugunna har fuskarsa ta zo daidai da ta Folarin.

"Wa ya yi wannan abin?"

Folarin yana iya cewa inji ne. Yana iya cewa kamfani. Ya dubi hannun Baba a kan dakali.

"Ni ne. Lambar ba ta isowa, na ƙi neman dalili. Na ce duk wanda ya zo ba lamba a sa masa ɗaya."

"To lambobin da mutane suka rubuta fa? Na gaskiyar. Shagunan da ke sayen wayar irin su ƙanina. Suna ina?"

"Babu su."

"Kamar yaya babu su?"

"Ba su taɓa isowa ba. Ba a ajiye su ko'ina ba."

Raufu ya miƙe. Ya cire ashanar daga bakinsa ya yar. Sannan ya ɗauki katakon da aka doki Baba da shi.

Abin da ya biyo baya, ko waɗanda suka ba ni labari ba sa son tsayawa a kansa. Mutanen da suka gane sun kusa ƙona marar laifi, kunyarsu ta koma fushi, kuma ga wanda ya amsa laifi da bakinsa a kwance a gabansu. Suka yi masa rubdugu. Katako, ƙafa, hular kwano. Ya naɗe kansa da hannuwa yana jin haƙarƙarinsa na ƙara. Bai ce su bari ba.

Matan kasuwa ne suka cece shi. Mai abincin nan ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure a ƙugu, sauran suka yi haka, suka shigo tsakiya suna kiran samarin da sunayen iyayensu mata. Suka kewaye mutum biyun da jikinsu. Babaloja ya iso yana haki, shi ya cire tayar daga wuyan Baba da hannunsa. Babura suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Raufu ne na ƙarshe. An ce ya tsaya ya kalli Baba kamar zai yi magana, sai ya hau ya tafi.

A asibiti ɗaki ɗaya aka sa su. Ranar da Folarin ya iya sauka daga gado, ya lallaɓa har gaban gadon Baba, ya kwanta rub da ciki a kan siminti kamar yadda ɗa ke yi wa uba, duk da karyayyen haƙarƙari.

Baba ya dube shi ta kumburarren ido.

"Tashi, kana tare wa masu aiki hanya."

"Baba, ka kira ni. Na ce zan duba."

"Ka ce."

"Ban duba ba."

"Na sani." Baba ya dubi hannunsa da aka naɗe kamar doya. "Idan aka kawo mini waya tana kuka, Fola, ba na cire mata lasifika in ce ta warke. A gabanka nake aiki tun kana ƙarami."

Ya juya fuskarsa bango. Can kuma ya ce, "Ka ci abinci kuwa? Da wane haƙorin ma."

Morenike ce ta yi gyaran na gaskiya. Ta mayar wa gurbin sunansa, kalma ɗaya tak. Ta goge layin Folarin. Ta sa idan mutum bai rubuta lamba ba, a tsayar da shi a roƙe shi ya rubuta, idan kuma bai sani ba, a ajiye cewa ba a sani ba, kada a liƙa wa kowa. Ta kuma sa ba shagon da zai koma ja sai mutum mai rai ya karanta ƙorafin ya bincika.

Saura ƙorafe-ƙorafen da suka taru a kan Baba. Lambobin wayar masu su suna nan, don wannan gurbin bai rasa sunansa ba. Folarin ya ce a bar masa. Yana kwance a gadon asibiti ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, da bakin da iska ke fita ta giɓi, yana cewa shi ne ya ɓatar da abin da suka rubuta, su taimaka su tuna masa lambar. Wasu sun tuna. Wasu sun zage shi sun kashe waya. Ko a cikin waɗanda aka tuna an samu masu sayen kayan jinin Mutiu, wannan yana cikin abin da ya ɓace mini.

Abu ɗaya dai na tabbatar da idona. Mutane sun yi ta cewa hannun Baba ya warke, wasu suna cewa bai warke ba. Da tafiya ta sake bi da ni ta Ibadan, na nemi kasuwar na je. Na same shi a ƙofar shagonsa yana sayar da caja da rigunan waya. Teburin gyaran babu shi. Na yi masa sallama na miƙa hannu. Ya miƙo mini na hagu, ya ce in yi haƙuri.

Darasi: Kuskuren da ka rufe wa baki bai gyaru ba, ya koma kan wani ne wanda ba ka gani. Idan ba ka san abu ba, ka rubuta cewa ba ka sani ba, kada ka cike gurbin da sunan bawan Allah. Idan na ƙasa da kai ya ce "Ka duba?", ka duba. Kai kuma da aka nuna maka sunan mutum ya yi ja a waya, ka tuna mutum ne irinka ya rubuta abin da ke cikinta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu irin wannan aikin da masu saurin ɗaukar sanda.